Babin mata a ƙarshen littafi: karramawa ce ko kora da hali?

Malama_Alli:
Assalamu alaikum jama'a. Wani abu ya hana ni sakat tun makon jiya. An ɗora mini shirya darasin tarihin adabi na zango mai zuwa, sai na tattaro littattafai 4 na ƙasashe daban-daban don in ga yadda kowa ya tsara nasa. Tsarin kusan ɗaya ne. A faro daga tushe, zamani bayan zamani, wane ya share fage, wane ya gaje shi, wane ya yi masa tawaye, duka maza. Sai can gab da bangon baya a rubuta "Gudummawar Mata", a zuba su gaba ɗaya a babi guda, wadda ta rasu shekara 900 da suka wuce da wadda take raye yau, kamar 'yan ɗaki ɗaya.

To ni yanzu in bi wannan tsari, ko in rushe babin in mayar da kowacce zamaninta? Tsorona in na rushe, su narke cikin taron maza, ɗalibi ya gama zango bai riƙe sunan ko ɗaya ba. In kuma na bar shi, kamar na ce musu adabi na maza ne, mata 'yan rakiya. Ku ba ni shawara don Allah.

Mai_Shakka:
Wa alaikumus salam Malama. Ni ban ga laifin littattafan ba. Tarihi abin da ya faru yake faɗa, ba abin da muke so a ce ya faru ba. A kusan kowace ƙasa maza aka fara koya wa karatu da rubutu, su suka fi yawa a fagen, dole su fi yawa a littafi. Babin nan ma alfarma aka yi, da babu gara ba daɗi.

Ummu_Littafi:
@Mai_Shakka, "kusan kowace ƙasa" ɗin nan taka ta yi faɗi da yawa. Ɗauki Japan. Wajen shekara ta 1000, mazan fada da Sinanci suke rubuta abin da suke ganin mai daraja ne, su suka bar wa mata rubutun harshen gida, har ana kiran baƙaƙen da sunan "hannun mata". To da wannan hannun Murasaki Shikibu ta rubuta labarin Genji, Sei Shonagon kuma ta rubuta littafinta na abubuwan da take gani a fada. Yau duk wanda zai ba da tarihin adabin Japan, ta kansu yake bi, ba babin ƙarshe ba ne, su ne tsakiyar littafin. Har wani babban mawaƙi namiji, Ki no Tsurayuki, wajen 935 ya rubuta labarin tafiyarsa da bakin mace, don ya samu damar yin rubutu da harshen gida. Ka ga a nan namiji ne ya ari gyale.

Makaranci77:
Ya ari gyale, wallahi Anti kin gama da ni.

TsohonƊalibi:
Anti Ummu, ki bari in ƙara wani abu da yake goyon bayanki ta wani gefe, yake kuma rage miki ta wani gefe. Murasaki Shikibu ba sunanta na yanka ba ne. Murasaki laƙabi ne, Shikibu kuma daga muƙamin mahaifinta aka ɗauko. Sunanta na ainihi bai iso gare mu da tabbas ba. Akwai wasu biyu na wannan zamani da har gobe ake karanta littattafansu, ɗaya ana kiranta "mahaifiyar Michitsuna", ɗaya "'yar Sugawara no Takasue". Ko a ƙasar da mata suka riƙe tsakiyar littafi, rubutun ya tsira, sunan ya ɓace. Ta ɗanta ko ta ubanta aka san ta.

Mai_Shakka:
Na karɓi gyara a kan Japan. Amma misali guda ba ya rushe ƙa'ida.

Baƙin_Alƙalami:
Malama, tambayarki an taɓa yin rigima babba a kanta a Ailan. A 1991 aka fitar da wani katafaren kundin adabin ƙasar mai suna Field Day, juzu'i 3, wanda aka yi niyyar ya zama madubin duk abin da ƙasar ta rubuta. Editocin duka maza ne, matan da suka shiga kuma ƙalilan. Marubuta mata suka yi ca. Babban editan ya amsa cewa an yi kuskure. Maganin da aka kawo shi ne a ƙara juzu'i na 4 da na 5 a kan rubutun mata kawai, kuma ba su fito ba sai 2002, bayan shekara 11. Da suka fito, kaurinsu ya nuna ƙarara cewa ba rashin kaya ba ne ya sa aka bar mata a baya, rashin nema ne. Amma fa har yanzu juzu'i 3 na farko su ne "adabin ƙasa", na 4 da na 5 su ne "na mata". Wato babin ƙarshenki ne dai, sai dai ya yi ƙiba. Ba cinya ba, ƙafar baya.

Malama_Alli:
@Baƙin_Alƙalami na gode, ban san wannan ba. Ai kuwa ciwon da ke damuna ke nan.

Ustaz_Nahawu:
Bari in kawo na Larabawa, don a can kalmar da ake aunawa da ita ma ta riga ta yanke hukunci. Ibn Sallam al-Jumahi, wanda ya rasu wajen 845, ya jera mawaƙa hawa-hawa, ya kira manyansu "fuhul", wato ingarmu, mazajen dabba. To mace ta yaya za ta zama ingarma? Duk da haka bai iya tsallake Khansa'u ba, ya sa ta cikin ajin masu waƙoƙin makoki, saboda waƙoƙin da ta yi wa ɗan'uwanta Sakhr. Tare da maza ya sa ta fa, bai keɓe ta ba. Sai dai ku lura da ƙofar da aka buɗe mata: kuka. Waƙar yabo, ta alfahari, ta zambo, ta hikima, an ɗauka filin maza ne. Mace in za ta shiga tarihi, to ta shigo tana kukan namiji.

Kundin mata zalla kuma ba yau aka fara ba. Ibn Abi Tahir Taifur na Bagadaza, wanda ya rasu a 893, ya tara fasahar maganganun mata a Balaghatun Nisa'i, Imam Suyuɗi ma yana da ɗan littafi a kan waƙoƙin mata. Ba don irin waɗannan ba, da baitoci da yawa sun bi iska. Don haka ni ban raina babi na daban ba. Rumbu ne. Sai dai ba a zama a rumbu.

'YarTawada:
Allah ya ƙara sani Ustaz. Ina da ƙari na zamanin kusa. An daɗe ana koyar da cewa ƙagaggen labari na farko na zamani a Larabci shi ne Zainab na Muhammad Husain Haikal, wanda ya fito wajen 1913. Alhali Zainab Fawwaz ta fitar da nata, Husnul Awaƙib, tun 1899. Abin dariya, an riƙe Zainab ta cikin labari an manta da Zainab mai alƙalami. Haka Nazik al-Mala'ika ta Iraƙi, da ta yi waƙarta a kan annobar kwalara ta Masar a 1947, ta karya tsohon tsarin baiti. Har yau ana jayayya ita ta riga ko Badr Shakir al-Sayyab. Ita kam ba yadda za a yi a kai ta babin ƙarshe, don in ka cire ta daga 1947, labarin sabuwar waƙar Larabci ba zai haɗu ba.

Mai_Shakka:
@'YarTawada, masu cewa Haikal ne na farko ba su ce babu wanda ya rubuta labari kafinsa ba. Akwai maza ma da suka riga shi, irin su Jurji Zaidan, kuma su ma ba a ba su kambun ba. Magana ce ta salo da ginin labari. Kada kowane abu mu ce don mace ce.

'YarTawada:
To wa ya zauna ya yanke cewa wannan salon ne "cikakken labari", wancan kuma share fage? Nan gizo yake saƙar.

DattijonGefe:
Yara, ku bari tsoho ya sa baki. Kuna ta gardama a kan wa ya rubuta, ba ku tambayi wa ya ajiye ba. Takarda ba ta tsare kanta. Gara na ci, ruwa na ci, wuta na ci, magada na zubarwa.

Ku dubi Nana Asma'u 'yar Shehu, 1793 zuwa 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, malamai mata da ake kira jaji suna ɗaukar waƙoƙinta suna kai wa mata a karkara. Me ya sa yau muke da ayyukanta a hannu? Don zuriyarta malamai ne, sun adana. Waziri Junaidu jininta ne, kuma a taskarsa Jean Boyd ta samu abin da ta yi aiki a kai, har ta fitar da tarihinta a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka tattara ayyukan a kundi guda a 1997. Yanzu ku ƙiyasta malama mai irin basirarta da ba ta fito daga gidan da ke da taska ba. Ina nata yake?

Ni a ganina babin ƙarshen nan alama ce kawai. Cutar tana can baya, a akwatin da ba a buɗe ba.

Hasken_Fitila:
Baba ya faɗi gaskiya, kuma ni ganau ce. Yayar mahaifiyata ta yi shekara da shekaru tana rubuta waƙoƙi a littattafan makaranta, masu bangon nan mai laushi. In mun je sai ta karanta mana ɗaya, ta rufe ta mayar ƙarƙashin katifa. Da ta rasu aka zo rabon kaya, aka lissafa komai har cokali, littattafan kuwa aka ce tarkace ne. Ina makaranta lokacin. Kafin in dawo hutu an ƙone su da shara. Baiti biyu kawai na riƙe a ka, su ma ban tabbata ban canza su ba. Ban ce gwana ce ba, wataƙila waƙoƙin ba su kai ba. Abin da ke mini ciwo shi ne babu wanda zai taɓa iya cewa sun kai ko ba su kai ba.

Ummu_Littafi:
Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. 'Yar'uwa, ki rubuta baitin biyun nan yau, kada ki kwana.

TsohonƊalibi:
Allah ya gafarta mata. Labarinki ya tuna mini da Zora Neale Hurston ta Amurka. Ta yi suna a shekarun 1930, littafinta mafi shahara ya fito a 1937, amma ta rasu a 1960 cikin talauci a Florida, aka binne ta ba ko alama a kabarin. Takardunta ma an cinna musu wuta wajen share gidan, wani ɗan sanda da ya san ta ne ya zo wucewa ya kashe wutar, abin da ya rage aka kai jami'a. Sai a 1973 Alice Walker ta je ta nemi wurin ta sa dutse, ta rubuta maƙala a kanta a 1975, aka dawo da littattafanta kasuwa. Yau ana karanta ta a makarantu. Tsakanin shiga tarihi da zama toka, mutum guda ne da ya bi ta layin a daidai lokacin.

Emily Dickinson ma haka. Waƙoƙi kusan 1800 ta bari, waɗanda aka buga tana raye ba su wuce kamar 10 ba. Ƙanwarta Lavinia ce ta tarar da su bayan rasuwarta a 1886 ta nace sai an buga.

Mai_Shakka:
Ina taya Hasken_Fitila jimami, da gaske. Amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Herman Melville ya mutu a 1891 kusan ba wanda ya damu da shi, sai a shekarun 1920 aka tono shi. Namiji ne. Mantuwa ba ta tambayar jinsi, kuma talaka namiji ma littafinsa na makaranta shara ake kai shi. Abu na biyu, ba duk abin da aka tono ne zinariya ba. Na karanta wasu daga cikin littattafan da aka "farfaɗo" da su, wallahi wasu barci suka sa ni. In za a sa mace a manhaja, a sa ta don aikin ya isa, ba don a cike gurbi ba. Cike gurbi ma raini ne.

Edita_A_Ɓoye:
Malam Mai_Shakka, rabin maganarka na yarda da ita. Na yi aikin ɗab'i shekaru, kuma zan gaya muku yadda littafi ke mutuwa. Ba ranar da aka buga shi ake yanke masa hukunci ba, ranar da bugun farko ya ƙare ne. In yana cikin manhaja, za a sake bugawa, don akwai masu saye tabbas kowace shekara. In ba ya ciki, shi ke nan. Bayan shekara 20 malamin da zai rubuta tarihi ya je ɗakin karatu, abin da ya tarar a kanta shi zai rubuta a kai. Wanda ya karanta tarihin nan ya zama mai tsara manhaja, ya ɗauko sunayen da ya sani. Haka abin ke zagayawa. Ba sai wani ya ƙulla makirci ba, kowa abin da ya tarar yake miƙawa.

Inda na rabu da kai: littafin namiji mai matsakaicin kyau yana samun wannan zagaye sau da yawa, na mace sai ya zama fitacce. Ka buɗe kowane tarihin adabi ka ƙirga maza nawa ne a ciki da ba wanda ke karanta su yau, an sa su ne don "suna wakiltar zamaninsu". Su ba a ce cike gurbi ba.

Shi ya sa kamfanin Virago na Landan, da aka kafa a 1973, ya fara jerin sake buga tsofaffin littattafan mata a 1978. Ba sabon abu suka ƙirƙira ba, mayar da kaya kan kanta suka yi. Flora Nwapa ma ta gane wannan. Littafinta Efuru na 1966 shi ne na 26 a jerin marubutan Afirka na kamfanin ɗab'i na Heinemann, kuma shi ne na farko da mace ta rubuta a jerin. Daga baya ta kafa nata kamfanin, Tana Press, don kada ta zauna jiran wani.

Makaranci77:
Tambaya daga ɗan aji ɗaya: wai da gaske ne George Eliot mace ce? Na sha ganin sunan na ɗauka wani dattijo ne mai gemu.

Ummu_Littafi:
Mace ce ƙanina, Mary Ann Evans sunanta. George Sand ta Faransa ma mace ce. 'Yan gidan Brontë su 3 sun fitar da ƙagaggun labaransu a 1847 da sunayen Currer, Ellis da Acton Bell. Jane Austen kuwa littafinta na farko a 1811 abin da aka rubuta a bango shi ne wata baiwar Allah ce ta rubuta, ba suna. Yau hotonta ne a takardar fam 10 ta Ingila, tun 2017.

Gwaggon_Yara:
Ni ban yi zurfin karatunku ba, amma ina da tambaya. Duk kuna maganar masu alƙalami. Wadda ta yi wa yara tatsuniya shekara 50 fa, ta ƙara nata, ta rage, ta gyara har labarin ya yi santsi? Wadda ta ƙirƙiri waƙar reno da ake yi har jikokin jikoki? In an zo rubutawa sai a ce "adabin gargajiya, ba a san mai shi ba". An san mai shi mana, ba a dai tambaya ba ne.

Baƙin_Alƙalami:
Gwaggo, kin fi mu duka zurfi. Tatsuniyoyin da duniya ke kira na 'yan'uwan nan biyu na Jamus, Grimm, da suka fara fitowa a 1812, da yawansu daga bakin mata aka ɗauko su, irin su Dorothea Viehmann da 'yan matan gidan Hassenpflug. Sunan da ke bango na masu rubutawa ne. Sai kuma littafin Baba ta Karo na 1954: Baba, wata tsohuwa Bahaushiya, ita ce ta ba da labarin rayuwarta da bakinta, Mary Smith ta rubuta ta fassara. A ɗakin karatu ƙarƙashin sunan wa za ki same shi? Kuma a kantar nazarin al'umma ake ajiye shi, ba ta adabi ba, alhali duk wanda ya karanta ya san tsohuwar nan gwanar ba da labari ce.

Ustaz_Nahawu:
Jama'a mun yi nisa da tambayar Malama fa. Ta ce babi ko ba babi, mun kai ta Jamus.

ƊanKallo:
Ni dai ina gefe ina kwasar ilimi kyauta. Ku ci gaba.

'YarTawada:
Ba mu yi nisa ba Ustaz, duk hanya ɗaya ce. Akwai wata dabara ta uku bayan mantuwa da keɓewa, ita ce a raina nau'in rubutun gaba ɗaya. A 1855 Nathaniel Hawthorne ya rubuta wa mai buga masa littafi wasiƙa yana ƙorafin cewa garken mata masu zane-zane a takarda sun mamaye kasuwar Amurka. Abin da ya ƙona masa rai shi ne littattafansu sun fi nasa tafiya. Mu ma mun ga irinsa. Gasar 1933 da ta haifar da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar duk maza ne. Sai 1980 So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito. Da mata suka shigo da yawa daga shekarun 1980, aka tattara su aka ce "littattafan soyayya", aka ɗaga hanci. Wanda ya karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya san ba labarin saurayi da budurwa ba ne, labarin matar da miji ya watsar da 'ya'ya ne da yadda ta tashi. Sai da aka fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012, wasu namu suka fara gyara zama.

Mai_Shakka:
Wannan kam na ba ki. Na karanta shi, littafi ne. Amma ki yarda cikin waɗancan ɗaruruwan akwai shirme jibgi.

'YarTawada:
Na yarda. Cikin na maza ma akwai, ba a dai sa wa shirmensu sunan jinsinsu ba.

TsohonƊalibi:
Tunda an taɓo kasuwa, a taɓo kyaututtuka, don su ma suna rubuta tarihi. Nobel ta adabi an fara ta a 1901, mace ta farko Selma Lagerlöf ta Suwidin a 1909. Daga Gabriela Mistral ta Chile a 1945 har zuwa Nadine Gordimer ta Afirka ta Kudu a 1991, mace guda ce ta samu a tsakani, Nelly Sachs a 1966, ita ma raba mata aka yi da wani. Zuwa Han Kang ta Koriya ta Kudu a 2024, mata 18 ne jimilla. Majalisar harshe ta Faransa da aka kafa a 1635 ba ta ɗauki mace ba sai Marguerite Yourcenar a 1980, shekara 345. Martanin da mata suka yi shi ne kafa nasu: kyautar Femina a Faransa a 1904, shekara guda bayan fara kyautar Goncourt, sai kyautar Orange a Ingila a 1996, bayan jerin ƙarshe na masu takarar kyautar Booker na 1991 ya fito ba mace ko ɗaya. Gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 ma wannan layi ta bi. To ita kyautar mata zalla, ba babin ƙarshen ba ne a wata riga?

Hasken_Fitila:
Yaya, akwai bambanci. Babin ƙarshe wani ne ya ajiye ki a can. Gasar mata ƙofa ce da kika shiga da ƙafarki. Na san waɗanda ba su taɓa nuna wa kowa rubutunsu ba sai da suka ji an ce ta mata ce, suka yi ƙarfin hali. Da yayar mahaifiyata ta riski irin wannan, wataƙila da ko labari guda ya fita daga ƙarƙashin katifa.

Ummu_Littafi:
Amma akwai marubutan da ba sa son a kira su "marubuciya mace" sam, suna ganin an rage musu tsawo. Ni kaina ina tsaka-tsaki. Ranar da na ga an jera Mariama Bâ ta Sanigal a darasin "matsalolin mata", aka bar su Ousmane Sembène, marubuci namiji ɗan ƙasarta, a darasin "adabi da siyasa bayan mulkin mallaka", raina ya ɓaci. Doguwar wasiƙar nan tata ta 1979 (ƙagaggen labari ne mai siffar wasiƙa), wadda ta ci kyautar Noma ta farko a 1980, cike take da maganar 'yan bokon da suka karɓi ƙasa da abin da suka yi da ita. An karanta kishiya an tsallake siyasar.

DattijonGefe:
'Yata Malama_Alli, ki ji ta tsoho. Ki gwada kowace da tambaya guda: in na cire ta daga zamaninta, labarin zamanin zai tsaya da ƙafarsa? In ba zai tsaya ba, wurinta na can ciki, ko da kuwa sai kin ture wani. Asma'u ba ta zama a bayan littafi alhali ana maganar ƙarni na 19 a gaba.

Edita_A_Ɓoye:
Ranka ya daɗe, gwajin yana da kyau amma yana da rami. Labarin zamanin da muka gada an riga an gina shi ba tare da su ba, don haka kullum zai yi kamar ya tsaya. Ian Watt ya rubuta tarihin tasowar ƙagaggen labari a Ingila a 1957 a kan maza 3, Defoe da Richardson da Fielding, kuma labarin ya tsaya cas. Sai a 1986 Dale Spender ta fito da littafi a kan mata 100 da suka yi wannan sana'a kafin Jane Austen. Aphra Behn tun 1688 ta fitar da Oroonoko. In kika sa su, ba ƙarin sunaye kawai kika yi ba, farkon labarin ma sai ya matsa baya.

Malama_Alli:
Kai jama'a, na zo neman tsinke kun ba ni dami. Allah ya saka. Ga inda na karkata yanzu, ban dai gama yanke shawara ba: in rushe babin, kowacce ta koma zamaninta, sannan in ware mako guda, ba a ƙarshe ba, a tsakiya, wanda ba na "gudummawar mata" ba ne, na yadda ake rubuta tarihin adabi ne, wa ya ajiye, wa ya sake bugawa, wa ya zaɓa. A nan zan kawo maganar Gwaggo da ta Ailan. Matsalar ita ce makonni 13 gare ni. Duk wadda na shigar, sai wani ya fita, kuma ba ni kaɗai ke saita jarrabawa ba.

Mai_Shakka:
To ga shi an zo wurin. Wa za ki cire? Ki faɗi suna mu ji.

Ustaz_Nahawu:
Ni har yanzu ina kan rumbuna. Ki rushe babin a darasi in kina so, amma ki ba su jerin sunayen matan a takarda guda su tafi da ita gida. Ɗalibi abin da ya gani a jere yake riƙewa.

'YarTawada:
Ustaz ka dawo da babin ta taga ke nan.

Hasken_Fitila:
Anti Ummu, na rubuta baitin biyun. Da na zauna rubutawa sai rabin na uku ya dawo mini, na kira mahaifiyata ko za ta tuna sauran, ta ce in bari sai ta yi tunani zuwa gobe.